Hanyar Gabas: Daga Ƙasar Katagum zuwa Jidda, a Ƙasa da a Sama

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kilomita kusan 3,400, idan aka bi miƙaƙƙiyar hanya ta sama. Jirgin zamani yana cinye wannan nisa cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Daga filin jirgin Bauchi ma lissafin bai sauya sosai ba, in kuma a Madina za a sauka, sai a ƙara abin da bai kai kilomita 200 ba. Miƙaƙƙiyar hanyar tana bi ta kan Tafkin Cadi, ta keta ƙasar Cadi da arewacin Sudan, ta haye Bahar Maliya. Waɗannan ƙasashe su ne mutanen Katagum da Azare da Misau da Zadawa suka riƙa takawa da ƙafa da jakuna domin sauke farali, tun ba a san za a yi wani abu wai shi jirgin sama ba. Nisan yana nan inda Allah ya ajiye shi, kwanakin cin sa ne suka yi ta raguwa daga zamani zuwa zamani.

Hanya biyu mutanen ƙasar Hausa da Borno suka sani zuwa Makka. Wadda ta fi daɗewa ita ce ta Hamada: a bi ayarin raƙuma ta Agadas ko ta Bilma zuwa Fezzan, a faɗa Masar, a shiga babban ayarin alhazan Alƙahira. Ita sarakunan Kanem da na Borno suka bi, har mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a Alƙahira tun ƙarni na 13. Ita kuma Malam Jibrilu ɗan Umar, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya bi. Shehu ya raka shi har Agadas, ya juyo saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba, bai kuwa samu zuwa Hajji ba har ya rasu a 1817. Hanyar Hamada ta masu hali ce. Tana bukatar raƙumi da kuɗin jagora da guzurin da zai kai mutum daga rijiya zuwa rijiya, kuma babu inda wanda guzurinsa ya ƙare zai tsaya ya nemi wani.

Ta biyu ita ce hanyar gabas, wadda ta buɗe sosai bayan Musulunci ya kafu a masarautun Bagarmi da Wadai da Darfur. Daga Kano ake nausawa Borno, a haye kogin Shari, a ratsa Bagarmi zuwa Abeshe, a shiga Darfur ta Junaina da Fashir, a wuce Kurdufan ta Ubayyid, a riski kogin Nilu, daga nan sai Sawakin a gaɓar Bahar Maliya. Ƙasa ce ta gero da dawa, mai kasuwanni da garuruwa, inda manomi zai iya noma, malami ya iya kafa tsangaya. Saboda haka ta zama hanyar talaka.

Ƙasar Katagum tana bakin wannan hanya. Malam Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta daga Shehu, shi ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, a yankin da ke tsakanin Kano da Borno, inda duk ayarin da ya fito daga ɗayan zuwa ɗayan sai ya yada zango. Bature Hugh Clapperton ya bar mana ma'aunin tafiyar wancan zamani. Ya tashi daga Kukawa tare da ayarin fatake a tsakiyar Disamba 1823, ya shiga birnin Katagum a farkon Janairu 1824, abokin tafiyarsa Dakta Oudney ya mutu a Murmur kusa da Katagum ranar 12 ga watan, shi kuma ya isa Kano ranar 20. Mako biyar da 'yan kwanaki ke nan tsakanin Kukawa da Kano, tazarar da jirgin alhazai ke wucewa yau cikin ƙasa da awa guda, tun ba a gama raba wa fasinjoji ruwa ba.

Ayarin jakuna yakan yi kilomita 20 zuwa 25 a wuni. Daga Kano zuwa Sawakin ta ƙasa kuwa kusan kilomita 4,000 ne. In da tafiya ce ba tsayawa, wata shida zuwa bakwai sun isa. Amma ƙalilan ne suke yin ta haka. Maniyyaci yakan tashi bayan kaka, ya yi tafiya da rani, in damina ta faɗi hanyoyi suka cika da ruwa da taɓo sai ya sauka a garin da ta riske shi, ya ari gona ko ya yi ƙwadago. Mai sana'a ya baje kolinsa: wanzami, baduku, maɗinkin hula, mai yankan farce, ɗan ga-ruwa, malamin allo mai rubutun sha. In ya tara abin da zai kai shi zango na gaba, ya ɗaura kaya. Da haka tafiyar ke kai shekara uku, biyar, bakwai, wata ma ta wuce haka. Yaron da aka goya daga Azare yakan isa Makka da ƙafarsa, a dawo da shi ya isa aure.

Wannan tsawon lokaci shi ya tsara al'adar sallama. Mai niyya yakan biya basussukansa, ya mayar da ajiyar mutane, ya bar wasiyya, ya bi gida gida yana neman gafara. Wani ya tafi da iyalinsa duka, wani ya ba matarsa zaɓi tsakanin jira da rabuwa. Rakiyar da ake yi masa har bayan gari rakiya ce ta wanda ba a sa ran sake gani, domin hanyar ta ci mutane da yawa. Akwai agana da kwalara, akwai ƙishirwa tsakanin Darfur da Kurdufan, akwai 'yan fashi da masu kama mutane su sayar, har 'ya'yan maniyyata ba su tsira daga wannan ba. Yaƙi ma yakan toshe ta. Rabe ya ci Borno a 1893 ya zauna Dikwa, bai gushe ba sai da Faransawa suka kashe shi a Kusuri a Afrilun 1900, a daidai mashigar da alhazai ke haye Shari. Duk wanda ya je ya dawo a irin wannan hali, sunan Alhaji da aka kira shi da shi ya biya kuɗinsa da shekarun rayuwarsa, shi ya sa a gari guda da wuya a ƙirga mutum biyu ko uku masu sunan.

Shekarar 1903 ta cika hanyar gabas da mutane irin yadda ba a taɓa gani ba. Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira ya fuskanci gabas, jama'a suka yi ta barin gonaki da gidaje suna bin sa. Tafiyar ta biyo ta ƙasar Misau, maƙwabciyar Katagum, Sarkin Misau Ahmadu ya shiga cikinta. An tare su a Burmi, aka kashe Attahiru ranar 27 ga Yuli. Waɗanda suka tsira suka ci gaba tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har Sudan, inda suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Garin ya zama zango ga duk wanda ya fito daga ƙasar Hausa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aikin kuɗi ya samu, dubban maniyyata suka tsaya tsinkar auduga domin tara kuɗin jirgin ruwa. Da yawansu ba su ƙarasa ba, da yawa kuma sun je sun sauke farali sun dawo Sudan sun zauna. Masanin halayyar al'umma Bawa Yamba, wanda ya zauna da jikokinsu ya wallafa littafi a kansu a 1995, ya tarar waɗanda aka haifa a can, iyayensu ma a can aka haife su, har yanzu suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar Makka.

Injin ya fara rage kwanakin tafiyar ne daga can ƙarshenta. Layin dogo na Sudan ya isa Ubayyid wajen 1912, saboda haka wanda ya kai nan da kuɗi a lalitarsa zai hau jirgin ƙasa zuwa Kartum, ya zarce gaɓar teku. A Sawakin ake tsare alhazai a yi musu allura a duba takardunsu, kafin jirgin ruwa ya haye da su kilomita wajen 300 zuwa Jidda. Marasa takarda sukan bi dare su hau ƙananan jiragen Larabawa masu filafilai, a sauke su a duk gaɓar da ta samu. Masu sarauta da dukiya kuwa suka samu wata hanya ta teku. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi Hajjinsa na 1921 ta jirgin ruwa daga Ikko, ya biya ta Ingila kafin ya sauka Jidda, kuma duk da wannan dogon zagaye ya je ya dawo cikin watanni.

Daga baya motocin lori suka shigo. Titin Kano zuwa Maiduguri ya keta ƙasar Katagum, wadda hedikwatar masarautarta ta tashi daga garin Katagum ta koma Azare a 1916, daga Maiduguri kuma sai Fort Lami, wato Njamena ta yau, sai Abeshe da Fashir har bakin dogo. A 1948 wasu 'yan kasuwar Kano, Alhaji Ibrahim Musa Gashash da Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Haruna Kasim, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma. Lori ta mayar da tafiyar shekaru ta watanni, amma da rani kawai, domin da ruwa ya sauka sai hanyar Cadi ta rufe. Kuɗin gyaɗa, wadda ƙasar Katagum ta yi suna wajen nomanta, shi ya sa manoma da yawa suka iya biyan kuɗin mota a shekarun 1950.

Jirgin sama ya shigo ƙasar Hausa ne ta wannan hanya ta alhazai, sai dai daga gabas ya fito. Ranar 27 ga Oktoba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka tashi daga Halwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Suka bi Nilu zuwa Kartum, suka juya yamma ta Ubayyid da Fashir da Abeshe da Fort Lami da Maiduguri, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, a filin sukuwa. Kwana shida. Zangunan da suka sauka shan mai su ne zangunan da alhazai suka daɗe suna kwana, kuma dalilin ɗaya ne: nan ruwa yake, nan mutane suke. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Kartum da Kano ta wannan layi, a shekarar kuma aka ƙara shi zuwa Ikko. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa layin daraja, domin daga 1940 Turawa sun riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi da ke ƙasar Gana ta yau, suna tashi da su ta Ikko da Kano da Maiduguri da Darfur zuwa Masar. An faɗaɗa filayen sauka, an kafa na'urorin sadarwa da ma'ajiyar mai. Da yaƙi ya ƙare, Kano ta gaji fili mai kyau, ta zama matsayar manyan jirage masu zuwa kudancin Afirka daga Turai.

Jiragen farfela na wancan lokaci, irin su DC-4, suna gudun kilomita wajen 350 a awa. A wannan gudu Kano zuwa Jidda awa goma ce a sama, ban da saukar shan mai a hanya. Ga mutanen da iyayensu suka yi ta a shekara biyar, wuni guda abin al'ajabi ne. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi Hajjinsa na farko a 1955, ya ga halin da talakawan Arewa ke ciki a Jidda da Makka, gwamnatin Jihar Arewa ta shiga lamarin, har aka tura Malam Abubakar Gumi Jidda a 1957 ya zama jami'in kula da alhazai. Kamfanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya zama babban mai jigila har ya durƙushe a 2003. Zuwan jirage masu injin jet irin Boeing 707, masu gudun kusan kilomita 900 a awa, shi ya kawo tafiyar inda take yau. Tun daga nan awa huɗu da rabi ɗin ba ta ƙara raguwa ba, domin jiragen fasinja na yanzu sun fi na da girma da tsimin mai, amma ba su fi su gudu ba.

Abin da ya ci gaba da sauyawa shi ne yawan masu tafiya. Kuɗin man fetur ya cika ƙasa a shekarun 1970, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, a 1977 kuma alhazan Najeriya suka haura dubu ɗari. Tsohon filin Kandara da ke cikin garin Jidda ya kasa ɗaukar jama'ar duniya, Saudiyya ta buɗe filin Sarki Abdul'aziz a 1981, da sashensa na alhazai mai rufi kamar jerin tantuna. Jihar Bauchi, wadda aka ƙirƙira a 1976, ta samu hukumar jin daɗin alhazai tata, ana raba kujeru ga ƙananan hukumomi, ana yi wa maniyyata bita a garuruwansu. Hukumar alhazai ta ƙasa ta yanzu an kafa ta da dokar 2006, kuma kason Najeriya a 2023 kujera 95,000 ne.

Saurin ya zo da nasa haɗarin. Ranar 22 ga Janairu 1973 wani Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda aka ɗauko haya domin dawo da alhazai daga Jidda zuwa Ikko, ya karkata zuwa Kano saboda rashin kyawun yanayi. Ya faɗi wajen sauka cikin hazo, ya kama da wuta, mutum 176 suka rasu daga cikin 202. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani DC-8 da ya ɗauko alhazai zuwa Sakkwato ya kama da wuta daga tayoyinsa tun yana tashi daga Jidda, ya faɗi yana ƙoƙarin komawa fili, duka mutum 261 da ke ciki suka rasu. Allah ya jiƙan su. Duk da haka, wanda ya auna waɗannan da kaburburan da ba a ƙirga ba tsakanin Dikwa da Sawakin ya san jirgin sama rahama ne ga wannan al'umma, musamman ga mata da tsofaffi, waɗanda hanyar ƙasa ta fi ci.

Gajartar lokaci ta kawo wa malamai tambayoyin da magabata ba su fuskanta ba. Mai tafiyar ƙasa da ruwa yana da kwanaki na shirin ɗaura harami. Wanda jirgi zai sauke kai tsaye a Jidda kuwa yakan wuce daidai miƙati yana sama, cikin ƙiftawar ido, kuma malamai sun yi saɓani kan ko Jidda tana iya zama miƙatinsa. Saboda haka wasu ke yin wanka su sa tufafin harami tun daga sansanin alhazai, su yi niyya a cikin jirgi in an sanar. A 'yan shekarun nan an fi kai alhazan Najeriya Madina da farko, su yi ziyara, su ɗaura harami a Zul Hulaifa, su yi tafiyar kilomita wajen 450 zuwa Makka a mota. Akwai kuma batun agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, don haka jirgin da ya tashi ƙarfe goma na dare ya yi awa biyar zai sauka ƙarfe biyar na asubar can. A dawowa kuma awa biyun nan ake mayar wa matafiyi. Iskar sama ma tana ƙara mintoci ko ta rage, gwargwadon ko tana bayan jirgi ko tana gabansa.

Ga mutumin Zadawa, garin da ke tsakanin Azare da Misau, awoyin sama ba su ne dukan tafiyar ba. Azare tana da ɗan filin sauka, amma ba na manyan jirage ba. Shekaru da yawa sai an kai maniyyatan yankin Kano, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya ta Jama'are da Wudil, wato su fara fuskantar yamma kafin jirgi ya dawo da su gabas. Tun da aka buɗe filin jirgi na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi a 2014, daga can alhazan jihar ke tashi, shi ma nisansa daga Azare wajen kilomita 200 ne, awa uku ko kusa da haka a mota. Sai zaman sansani ana jiran biza da jirgi, wanda a shekarun baya yakan kai kwanaki, da irin wannan jira a Jidda wajen dawowa, ana awon kaya ana jiran layi. Zuwa da dawowa gaba ɗaya yakan ci wata guda zuwa kwana arba'in, kuma awoyin da aka yi a sama ba su cika wuni ɗaya ba a cikinsu. Jira mafi tsawo yanzu shi ne na tara kuɗin kujera, wanda manomi ko ɗan tireda kan yi shekaru yana yi. Shekarun da kakansa ya yi yana tsinkar auduga a Jazira, shi a gida yake yin su.

Ƙasashen da ke ƙarƙashin jirgi har yau suna da ta cewa a kan tsawon tafiyar. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Kartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana saura 'yan makonni a fara jigilar maniyyata. Dole jirage suka kauce wa miƙaƙƙiyar hanya suka yi zagaye ta wasu ƙasashe, tafiyar ta ƙaru da awa biyu ko fiye, man da ake sha ya ƙaru, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi a kan kowace kujera. Yaƙin ya bi tsofaffin zangunan hanyar gabas ɗaya bayan ɗaya, Junaina da Fashir da Ubayyid da Kartum da Jazira da yankin Sinnar, inda jikokin maniyyatan ƙasar Hausa ke zaune, ya raba da yawansu da gidajensu. Ɗaliban Najeriya da rikicin ya rutsa da su a Kartum an fitar da su ne a motoci, wasu zuwa iyakar Masar, wasu zuwa Port Sudan a gaɓar Bahar Maliya, daga can jirage suka kwaso su zuwa Abuja.